Ƙanena ya kamu da taramol: a ɗaure shi, a kore shi, ko yaya za a yi?

“Assalamu alaikum. Ni mace ce, ina aure a Sabon Gari a nan Damagaram, gidan iyayenmu yana Birni. Ƙanena shekarunsa 24, yana kabu-kabu. Shekara uku ke nan yana shan taramol, kuma mun sha ganin wasu ƙananan ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa a aljihunsa. Sau biyu yana faɗuwa yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, ɗaya ma a kan babur. Watan jiya ya sayar da wayar innarmu. Baba ya ce zai kore shi, kawunmu ya ce a kai shi wurin wani malami a sa masa mari wata uku, inna kuwa a ɓoye take ba shi kuɗi don kada ya yi sata a waje. Shi kuma in ya natsu sai ya yi ta kuka, yana cewa yana son bari amma jikinsa ba ya yarda. Ni ce babba, kowa ni yake kallo. Me zan yi?”

Wa alaikumus salam, ƴar uwa. Allah Ya ba shi lafiya, Ya ba ku haƙurin jinyarsa. In na fahimce ki, gidanku ya rabu uku: mai kora, mai ɗauri, mai rufa asiri da kuɗi, ke kuma kina tsakiya kina neman wanda ya fi gaskiya a cikinsu. Ba zan zaɓar miki ko ɗaya ba, domin kowanne yana da inda yake cutar da yaron. Amma kafin mu zo nan, akwai abu biyu a cikin maganarki da suka fi sayar da waya nauyi nesa ba kusa ba: faɗuwar nan sau biyu, da ƙwayoyin nan masu ruwan ɗorawa. Su ne za su nuna ko zai iya bari a gida ko sai da likita a kansa.

Abin da yake nufi da “jikina ba ya yarda”

Taramol magani ne na ciwo mai tsanani, ɗan dangin mofin ne, wato maganin nan mai ƙarfi na kashe zafi da ake bayarwa a asibiti. Wanda ake bayarwa a asibiti yawanci miligiram 50 ne ko 100, kuma ko mai ciwon gaske ba a yarda ya wuce 400 a yini ɗaya ba. Wanda ke yawo a hannun ƴan tebur da masu talla kuwa akwai mai 120, mai 200, mai 225, har mai 250. Yawancinsa daga Indiya ake yo shi, ya sauka a tashoshin ruwa na bakin teku, ya hauro ta Najeriya ko Benin. Mu da muke kusa da iyaka, ta Magarya da Matamaye, ba ma rasa shi. Ki yi lissafi: saurayin da ke haɗiye mai 225 guda huɗu a yini ya sha 900, ya ninka iyakar likita har da ɗoriya. Abin da aka rubuta a jikin takardar ma ba lallai ne shi ke cikin ƙwayar ba.

Aiki biyu yake yi a ƙwaƙwalwa. Na farko irin na mofin ne, yana kashe zafi da gajiya. Na biyu ya yi kama da na magungunan baƙin ciki, yana ɗaga rai, mutum ya ji kuzari da sakin baki. Wannan ne ya sa masu kabu-kabu, leburori, masu dako da ƴan haƙar zinariya suke ɗaukarsa maganin ƙarfi. Da an ɗau watanni ana sha kullum, jiki sai ya saba, abin da yake isa da ya daina isa, a ƙara. Daga nan kuma ba don daɗi ake sha ba, don gudun wahalar rashinsa ne. In ya yi awa 12 zuwa 24 bai sha ba sai hamma, hawaye, yoyon hanci, gumi, ciwon gaɓoɓi da na baya, murɗar ciki, zawo, amai, rashin barci, ƙafafu su ƙi zama wuri ɗaya. Saboda aikin nan na biyu, wasu kan haɗa da faɗuwar gaba mai tsanani, ruɗewa, jin kamar lantarki na fizgar kai, wani ma ya ga abin da ba shi nan. Abin yakan kai ƙarshen tsananinsa a kwana na biyu da na uku, ya fara sauka bayan mako guda zuwa kwana goma. Saboda haka da ya ce jikinsa ba ya yarda, gaskiya ya faɗa. Wannan bai wanke shi daga satar waya ba, amma ya nuna wa'azi kaɗai ba zai cire abin ba.

Faɗuwar da yake yi kuwa sananniya ce ga mai shan taramol da yawa, domin maganin yana sauƙaƙa wa ƙwaƙwalwa bugun farfaɗiya, musamman in an wuce 400, ko an haɗa da rashin barci, ko an zuba shi cikin kofi da lemun ƙarin kuzari kamar yadda samari ke yi a fada, wato majalisarsu ta hira da shayi. Ba iskoki ba ne. Wanda ya faɗi sau biyu zai iya faɗuwa na uku, kuma na ukun zai iya zuwa yana ɗauke da mace mai goyo a bayan babur. Tun daga yau maganar hawa babur ta tsaya har sai likita ya gan shi. Na san da shi yake ci, za mu zo kan wannan.

Ƙwayar da ta fi taramol haɗari wajen bari

Ƙananan ƙwayoyin nan masu ruwan ɗorawa, a abin da muka saba gani, sau da yawa diyazefam ne mai miligiram 5, wanda yara ke ce wa D5. Suna shansa da dare saboda taramol yana hana su barci. Akwai kuma ezol, wanda asalinsa maganin karkarwar jiki ne, shi yawanci fari ne. Launi kaɗai bai isa shaida ba. Ki samo ƙwayar ko takardarta, ki kai farmasi ko wurin majo, wato shugaban ma'aikatan CSI, ƙaramin asibitin unguwarku, ya karanta miki sunan da adadin miligiram ɗin.

Dalilin da ya sa na matsa a kan wannan: barin taramol farat ɗaya azaba ne, amma da wuya shi kaɗai ya kashe saurayi mai lafiya in ana ba shi ruwa. Barin diyazefam farat ɗaya, ga wanda ya yi watanni yana sha kullum, yana iya kawo farfaɗiya a jere da gushewar hankali, kuma yana kisa. Haka giya ga wanda ke sha da yawa kowace rana. Wani abin yaudara shi ne diyazefam yana daɗewa a jiki, sai a kwana uku, biyar, har mako ana murna yaro ya tsallake, sannan ya faɗi. Ga kuma haɗa su biyun a ciki ɗaya: taramol yana rage numfashi, diyazefam yana rage numfashi, in suka haɗu mutum kan kwanta barci ya zarce.

Wannan shi ne babban abin da ke kaina game da shawarar kawu. Wanda aka sa wa mari an yanke masa komai dare ɗaya, babu mai auna shi, in ya fara shure-shure a ce aljanin ne ke fita. A 2019 ƴan sandan Najeriya sun buɗe irin waɗannan gidaje a Kaduna da Daura, aka fito da ɗaruruwan mutane da sarƙa a ƙafa da tabon duka. Ba kowane malami ne haka ba, kuma addu'a da karatu da zama da malamin kirki suna da babban amfani ga mai son bari. Amma ko an yi sa'a ya fito lafiya bayan wata uku, ya fito ne da jikin da ya manta sabo da ƙwaya, da zuciya cike da haushin waɗanda suka kai shi. Ranar da ya koma ya sha adadin da ya saba sha a da, adadin nan yanzu zai iya tsayar masa da numfashi. Haka yake ga wanda ya fito daga gidan kaso. Makonnin farko bayan fitowa su ne lokacin da aka fi rasa su.

Kora ita ma ba ta raba shi da ƙwaya, tana raba shi ne da ku. Wanda aka kora daga gida a garin nan kin san inda zai kwana: tasha, ko ɗakin abokan sha, ko cikin ƴan pale, gungun samarin nan masu ta da zaune tsaye, inda ƙwayar ta fi araha kuma babu mai juya shi in ya faɗi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wuri ɗaya ne nake goyon bayan a raba shi da gidan: in ya fara dukan inna ko ƙanne, ko ya ɗauki makami. A nan tsaron mutanen gida shi ne gaba, a nema masa wurin wani namiji babba a dangi, in abin ya faskara a kira hukuma.

Ku fara da kanku kafin ku je kansa

Aikinki na farko yana wurin baba, inna da kawu. Mai shaye-shaye ya fi kowa sanin ƙofar da take a buɗe. Muddin baba na zagi a zaure, inna na miƙa masa kuɗi a bayan ɗaki, babu abin da zai canza, ko da likitan duniya aka kawo. Ki tara su ranar da ba ya nan, in akwai wanda baba ke jin nauyinsa, kamar limamin unguwa ko wani yayansa, a gayyato shi. Abin da ake so a fita da shi kaɗan ne, amma kowa ya riƙe: ba a ba shi kuɗi a hannu, ko dala, abinci, sabulu, wurin kwana da kuɗin asibiti suna nan, amma wani ne zai biya da hannunsa, ba a biya masa bashin ƙwaya, ba a yi masa ƙarya a wurin mai babur ko maƙwabta, ba a zaginsa, ba a dukansa, ba a yi masa baki.

Inna ce za ta fi shan wuya, kada a ɗora mata laifi. Tsoronta na gaskiya ne, tana gudun ranar da za a ce an kama ɗanta da kayan mutane. Ki nuna mata a hankali cewa kuɗin da take bayarwa bai hana shi ɗaukar wayarta ba, ya dai jinkirta ranar da zai ji nauyin abin da yake yi. Ki ba ta abin da za ta yi a madadin, domin uwa ba ta iya zama hannu rabbana: ita ce mai ajiye masa tuwo, ita ce mai dama masa fura, ita ce mai zama da shi ranar da ya wuni garau. Zinariya, waya, kuɗin adashi da takardun gida ko na fili kuwa a kulle su, ko a kai gidanki. In an yi haka an rage masa jarrabawa, an kuma rage wa gidan rigima.

Wayar da ya sayar kada a bar ta ta wuce shiru, kada kuma a mai da ita abin gori kullum. A faɗi kuɗinta, a rubuta, a ce bashi ne a kansa zai biya kaɗan-kaɗan in ya koma aiki.

Baba kuma, in mai jin maganar addini ne, a tuna masa cewa giya ma ba rana ɗaya aka haramta ta ba: aka fara da cewa zunubinta ya fi amfaninta, sannan aka hana kusantar salla cikin maye, daga baya aka ce a nisance ta gaba ɗaya. A tuna masa da sahabin nan da aka sha kawowa gaban Annabi (SAW) saboda shan giya, wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. A wata ruwayar ya hana a zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan uwa. Bakin uba yana da nauyi, gara ya kashe shi wajen addu'a.

Yadda za ki yi magana da shi

Lokaci shi ne rabin maganar. Kada ki tare shi yana cikin maye, ba zai riƙe komai ba. Kada ki tare shi da sassafe yana hamma yana gumi, a lokacin babu abin da ke kansa sai inda zai samo. Ki nemi tsakani, ya ci abinci, ya natsu, ku biyu kawai, in da hali a gidanki inda idon baba ba ya kansa. Taron dangi a zagaye shi ana yi masa faɗa ɗaya bayan ɗaya kunya kawai yake haifarwa, kunya kuwa ƙwaya ake nema a rufe ta da ita.

Ki faɗi abin da idonki ya gani, ki bar sunayen da ake kiransa da su. “Ranar da ka faɗi a kan babur ban yi barci ba, na ɗauka gawarka za a kawo” ya fi “kai ɗan ƙwaya ne, ka zubar mana da mutunci” shiga. Sannan ki yi tambaya ki yi shiru. Guda nawa a yini, mai lamba nawa, ƙarfe nawa yake shan ta farko, me yake haɗawa da ita: diyazefam, wiwi, sholisho, maganin tari mai kodin, giya? Yaushe ya taɓa gwada bari, kwana nawa ya yi, me ya mayar da shi? Adadin da zai fara faɗa miki yawanci ya gaza na gaskiya, kada ki ƙaryata shi, ki ce likita zai buƙaci lissafi daidai don kada a rage masa fiye da yadda jikinsa zai ɗauka. Wannan yakan sa su faɗi gaskiya.

Tambayar da aka fi mantawa ita ce: me ƙwayar take yi maka? Amsar ita ce ke nuna inda za a yi gyara. Wani don ya iya awa goma sha huɗu a kan babur ya cika kuɗin da mai babur ya yanka masa. Wani tsohon ciwon baya ne ko karaya da ba ta ɗoru daidai ba. Wani baƙin ciki ne da rashin barci tun kafin ƙwayar. Da yawa kuma, abin da ba zai taɓa faɗa wa yayarsa ba, don jinkirin kawowa wajen mace suke sha. Saboda irin wannan, ki samo namiji ɗaya da yake sakin jiki da shi, mijinki ko wani ɗan uwa, ya zama shi ne abokin tafiyarsa asibiti.

Tunda har yana kuka yana cewa yana son bari, kada ki nemi alkawari ko rantsuwa da Alƙur'ani. Zai rantse da zuciya ɗaya, ya karya bayan kwana biyu, ya ƙara da jin shi la'ananne ne. Ki nemi abu ɗaya ƙarami mai rana: “Ranar Litinin da safe za mu je a duba faɗuwar nan da kake yi.” Yawancinsu sun fi yarda da zuwa don farfaɗiya ko rashin barci a kan zuwa don “shaye-shaye”. In ya amsa, kada a bar kwana ya yi yawa, niyyar mai shaye-shaye ba ta daɗewa a ajiye.

Abin da za a yi a asibiti, da abin da za ku yi a gida

Ku fara da CSI in ita ce kusa, amma mai faɗuwa irin tasa wurinsa babban asibitin ƙasa na Damagaram, sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Zai ce shi ba mahaukaci ba ne. A gaya masa can ne masu sanin magungunan nan suke, kuma masu rashin barci da masu farfaɗiya ma can suke zuwa. Ku tafi da takardun ƙwayoyin, da lissafin abin da yake sha, da ranakun da ya faɗi. Ku faɗi duk wani magani da yake sha, domin wasu magungunan baƙin ciki irin su amitiriftilin in suka haɗu da taramol suna ƙara haɗarin faɗuwa.

Hanyar da aka fi bi ita ce ragewa a hankali. Likita ya mayar da shi kan maganin farmasi wanda aka san adadinsa, a raba shi a lokuta tsayayyu, sannan a riƙa zaftare kamar kashi ɗaya cikin goma duk mako ɗaya ko biyu. Ƙarshen ne ya fi wuya, daga 100 zuwa babu yakan fi daga 400 zuwa 300 ciwo, don haka a nan ake sassauta gudu. Diyazefam ya fi haka jan lokaci, yakan ɗauki watanni, kuma ba a cika sauke su biyun a tare ba. Wanda yake shan adadi mai yawa sosai kuma yana faɗuwa, likita zai iya cewa a kwantar da shi kwanakin farko. Wannan hukuncin na wanda ya gan shi ya auna shi ne, ba a yanke shi daga nesa, kuma adadin da na ambata misali ne don ki gane tsarin, kada a ɗauka a yi aiki da shi a gida.

Inda ragewa ke lalacewa kusan kullum wuri ɗaya ne: an bar maganin a hannun mai shan. Mutum ɗaya ne zai riƙe, a cikin abin da ake kullewa, ya ba shi na lokacin ya ga ya haɗiye, ya rubuta a littafi. Kada inna ta zama mai riƙon, ba za ta iya jure roƙonsa da tsakar dare ba.

A makon da jiki ke bore, abin da ke gabanku ruwa ne. Zawo da amai da gumi, a zafin watan Afrilu ko Mayu na garin nan, suna busar da mutum cikin yini guda. Ku sayi ƙunshin gishirin zawo a farmasi, in babu ku haɗa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Kunu, fura mai ruwa-ruwa, romo. Don ciwon jiki farasitamol, giram ɗaya duk awa shida zuwa takwas, kada ya wuce giram uku a yini. Wanka da ruwan ɗumi da matsa ƙafafu suna rage rashin natsuwar dare. A rage shayi mai kauri da kofi daga la'asar. Kada kowa ya je tebur ya sayo masa “maganin barci” don tausayi, shi ne diyazefam ɗin da ake gudu. Masu cewa za su bari da azumi kuma, niyya ce mai kyau, amma a fara ragewa tun watanni biyu kafin watan, domin in ba haka ba abin da ke faruwa shi ne a haɗiye na yini duka a tsakanin buɗa baki da sahur.

Ranar da ya faɗi, ko ya ƙi tashi

Kowa a gidan, har ƙanne, ya san wannan. In ya faɗi yana shure-shure, a janye abin da zai buge, a sa tsumma ƙarƙashin kansa, a duba agogo. Ba a danne shi, ba a cusa masa cokali ko yatsa a baki, ba a ɗura masa ruwa, nono ko manja, ba a yi masa hayaƙi. Harshe ba ya haɗiyuwa, amma abin da aka ɗura yana shiga huhu. Da ya lafa a juya shi ya kwanta a gefe, baki yana kallon ƙasa. In shure-shuren ya kai minti biyar, ko ya sake kafin ya farfaɗo, ko ya bugu a kai, asibiti nan take.

In kuma barci ne ya yi nauyi: an kira shi, an girgiza shi, an murza ƙashin ƙirjinsa da ƙarfi bai motsa ba, numfashi ya ragu ƙasa da sau goma a minti ko yana wani irin minshari mai yankewa, leɓe da farce sun canza launi, ƙwayar idon ta tsuke, wannan ba barcin gajiya ba ne. A kwantar da shi a gefe, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18 ko a sa shi a mota, kada a jira gari ya waye. Akwai allura mai suna naloksan da ke karya aikin dangin mofin a jiki, amma a taramol ba ta gama aikin ita kaɗai, dole a ci gaba da sa masa ido a asibiti. Ku faɗa wa ma'aikata abin da ya sha ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Haka nan in ya fara cewa gara ya mutu, ko ya huta da duniya, kada a ɗauka barazana ce. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, a kawar da magunguna, maganin ƙwari da igiya, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi a ranar.

Bayan jiki ya saki

Kwana goman farko su ne ake tsoro, amma watanni uku zuwa shida na bayansu ne ake faɗuwa. Barci ba ya daidaita da wuri, rai yana ɓaci ba dalili, komai ya zama salam, sha'awar ƙwayar tana tasowa kamar guguwa. Abin da ya kamata ya sani shi ne guguwar ba ta daɗewa, yawanci cikin rabin awa take kwantawa in ya tashi daga wurin, ya yi alwala, ya taka, ya kira wani. Ku zauna da shi ku lissafa abubuwan da ke tayar masa da ita: tashar da yake tsayawa, mai shayin da ake sayarwa a bayansa, fadar da yake zama, kuɗi a aljihu da yamma, faɗa da baba. Cewa “ka bar abokan banza” ba ya aiki in ba a ba shi wasu ba. Fada ita ce majalisarsa, in an raba shi da wannan sai an samo wata, ko ƙwallo, ko makarantar dare.

Maganar sana'a ita ce mai wuya, kuma ba ni da amsa mai sauƙi a kanta. Komawa kabu-kabu komawa ne cikin gajiyar da ta kai shi ga ƙwayar, da kuɗi a hannu kowace awa. In akwai yadda za a yi ya yi wata shida a wani aikin, shagon ɗan uwa a kasuwar Dole, ɗinki, gyaran babur, aikin fata, lambu, ya fi. In dole sai babur, to bayan likita ya yarda, da rana kawai, awoyi ƙididdigaggu, kuɗin yini ya shiga hannun wanda aka amince da shi da magariba. Aure kuma, wanda na san wani a dangi zai kawo shawararsa, ba magani ba ne. A bari ya shekara tsaye tukuna, kuma kada a ɓoye wa gidan yarinyar.

Ranar da ya wuni garau, a nuna an gani: a ci abinci da shi, baba ya aike shi wani abin mutunci, a tambayi ra'ayinsa a maganar gida. Ranar da ya shigo a buge, ba faɗa, ba hira, a tabbatar yana numfashi lafiya, a kwantar da shi a gefe, a bar magana sai gobe. Da sannu zai gane wace rana ce take da riba.

Zai iya komawa, mafi yawa sukan koma sau ɗaya ko fiye kafin su tsaya. Ku gaya masa tun yanzu, yana cikin hankalinsa, cewa in hakan ta faru jikinsa ba zai ɗauki adadin da ba, kada ya haɗa da diyazefam ko giya, kada ya kulle kansa a ɗaki shi kaɗai, kuma ya faɗa wa mutum ɗaya a ranar. Wanda ya san za a kore shi in ya faɗa, ɓoyewa zai yi har abin ya koma yadda yake. A koma wurin likita a makon, a duba me ya jawo, a gyara wurin. A sani kuma dokar Nijar ta 1999 kan miyagun ƙwayoyi tana hukunta riƙewa da sayarwa, kuma OCRTIS, hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, tana kame. In aka same shi yana sayarwa don ya samu na sha, maganar ta wuce ta gida, don haka a tambaye shi wannan ma tun da wuri.

Ke kuma, da kika ce kowa ke yake kallo: kina da miji da naki gidan. Ki raba aikin da suna, wane mai riƙe magani, wane mai raka shi asibiti, wane mai magana da mai babur, ke mai haɗa kansu. Ki sanar da mijinki komai, kada kuɗin cefane ya riƙa zarcewa Birni a ɓoye, kada kuma ki kawo ƙanen naki ya zauna cikin ƴaƴanki da ƙwaya a aljihu, domin guda ɗaya mai 225 ta isa ta halaka ƙaramin yaro in ya tsinta ya haɗiye. A wannan makon abin da ke kanki uku ne: ki kai ƙwayar nan a karanta miki sunanta, ki karɓe makullin babur ta hannun wanda yake jin nauyinsa, ki zaunar da baba da inna da kawu kafin ranar Litinin.